Haɗa Man Kariyar Rana da Emalsifaya na Tsirrai: Jagora ga Masu Sana'ar Man Shafawa a Kaduna

Mata biyu za su iya auna zinc oxide, farin garin zinki mai tare hasken rana, giram 20 kowacce, su zuba a man shafawa giram 100, na ɗaya ya tare rana yadda ya kamata, na ɗayar kuma a shafa a fita a dawo da fata a ƙone. Gari ɗaya, awo ɗaya. Abin da ya raba su shi ne yadda garin ya baje a kan fata, da kuma ko ya zauna bayan gumi ya keto. Kaso mai tsoka na wannan aiki yana wuyan emalsifaya, sinadarin da ke riƙe ruwa da mai wuri guda kada su rabu.

Maganar ta shafe mu a Kaduna. Garin yana wajen digiri 10 arewa da ikwaita, kuma a Maris da Afrilu ma'aunin hasken UV, wato sashen hasken rana da ido ba ya gani mai cutar da fata, yakan kai 11 ko ya haura da tsakar rana, wato mataki mafi tsanani. Zabiya suna cikin haɗarin kansar fata muddin ba su da kariya. Waɗanda suka yi bilicin suka daina, rana na cin fatarsu fiye da da. Masu baƙin tabon kuraje kuwa, kullum suka fita tabon sai ya ƙara duhu. Man kariyar rana na waje ya yi tsada, shi ya sa masu haɗa man shafawa a gida, daga Rigasa har Barnawa, suka fara saka shi cikin kayansu. Tunda mafi yawansu mata ne, da ke nake magana, 'yar'uwa. Mazan da ke sana'ar su ɗauka har da su.

Mataki na farko: ki san abin da kike nema a wurin emalsifaya

Emalsifaya ba ya tare haske. Ko kin cika roba da shi, lambar SPF, wadda ke nuna ƙarfin kariyar man daga ƙunar rana, ba za ta motsa ba in babu matarin haske a ciki. Man kwakwa da man irin karas da ake ta yayatawa a Facebook da TikTok ma, da aka gwada su a fatar mutane, kariyarsu ba ta kai SPF 3 ba. Man kaɗe yana da ɗan sinadarin da ke shan UVB, amma bai kai a jingina da shi ba.

Matarin da za mu yi aiki da shi zinc oxide ne, domin yana tare UVB mai ƙona fata, wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 290 da 320, yana kuma tare UVA mai ratsawa ciki ya tsofar da fata ya duhunta tabo, daga 320 zuwa 400. Titanium dioxide, wani matarin hasken, ya fi shi ƙarfi a UVB amma bai kai shi a dogon zangon UVA ba. A Amurka da Tarayyar Turai iyakar da aka yarda a saka kowannensu ita ce kashi 25 cikin 100.

To, ina emalsifaya ya shigo? Ƙwayoyin zinki suna da son manne wa juna. In suka dunƙule suka yi gudaji, na tsakiyar gudajin sun tashi a banza, kuma tsakanin wannan gudaji da wancan fili ne da haske ke wucewa kai tsaye. Kamar bandir ɗin kwano ne: in aka jera shi a kan rufi ya tare ruwa, in aka jibge shi a kusurwa ɗaya kuwa kwanon yana nan cif amma ɗaki na yoyo. Emalsifaya da ɗan'uwansa mai warware gari su ke lulluɓe kowace ƙwaya su hana ta komawa jikin 'yar'uwarta.

Sannan fata ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. In kika duba bayan hannunki da gilashin ƙara girma za ki ga kwari da tudu. Man da ya cika ruwa-ruwa yakan gangare ya taru a kwarin ya bar tudun tsirara, kuma ta nan rana ke shiga. Ana son man da zai saki jiki yayin murzawa, da an ɗauke hannu kuma ya yi saurin kama jikinsa ya tsaya inda aka ajiye shi. Sai na uku, jure gumi. Emalsifaya mai son ruwa ƙwarai yana nan kwance a fata bayan man ya bushe, da zufa ta zo sai ya sake haɗa man da ita, komai ya bi ta ya sauka.

Mataki na biyu: ruwa cikin mai, ko mai cikin ruwa

Haɗi iri biyu ne. Ko dai ɗigon mai ne ke yawo cikin ruwa, kamar yawancin loshan na kasuwa, ko kuma ɗigon ruwa ne ke tsare cikin mai. Wajen zaɓen emalsifaya, masu sana'a suna duba lambar HLB, ma'aunin da William Griffin ya fito da shi a Amurka a 1949, daga 0 zuwa 20. Mai lamba 3 zuwa 6 ya fi son mai, shi ke yin ruwa cikin mai. Mai lamba 8 zuwa 16 ya fi son ruwa, shi ke yin mai cikin ruwa.

A ganina, ga mai aiki da zinki a zafin Kaduna, ruwa cikin mai ya fi. Man ne a waje, zinkin yana cikinsa, don haka da an shafa ya zama lulluɓi guda marar yankewa, kuma gumi ba ya ɗaga shi da sauƙi. Aibinsa nauyi da maiƙo, kuma ana rage su ta zaɓen mai marar nauyi.

Na tsirrai da ke wannan aiki, ga sunayensu yadda suke a jikin buhu ko jarka, don da su za ki yi oda. Polyglyceryl-2 dipolyhydroxystearate shi ne ginshiƙi, daga gilisirin da man zurma ake yin sa, kuma yana warware gari ban da riƙe ruwa. Polyglyceryl-3 polyricinoleate shi ma daga man zurma yake, irinsa ne ake sakawa a cakulan don ya gudana da kyau. Akwai polyglyceryl-3 diisostearate, akwai sorbitan olivate na man zaitun. Gara a haɗa biyu da a dogara da ɗaya, domin biyun sun fi matsuwa a bakin ɗigon ruwa.

In kwastomominki masu maiƙon fuska ne, ba za su jure nauyi ba, kina iya komawa mai cikin ruwa da cetearyl olivate haɗe da sorbitan olivate, wanda ake sayarwa da sunan Olivem 1000, ko cetearyl glucoside da ake yi da sukarin tsirrai da mai. Waɗannan suna jeruwa hawa-hawa a kewayen ɗigon mai, abin da ke ba lulluɓin kauri. Amma wannan hanya ta fi wuya da zinki. Dole pH, ma'aunin tsamin haɗi, ya tsaya wajen 7 zuwa 7.5, domin in ya sauka ƙasa da 6 zinkin yakan fara narkewa. A cikin masu ƙara kauri, carbomer ba ya zama da zinki, sai dai xanthan gum. Ki bar wannan sai hannunki ya faɗa.

Kayan da ke kusa da mu fa? Kakin zuma yana ƙara kauri da jure ruwa, amma shi kaɗai ba ya riƙe ruwa da mai, bayan 'yan kwanaki za ki ga ruwa na tsattsafowa. Ƙaro na dakwara, wanda Borno da Yobe da Jigawa ke fitarwa, emalsifaya ne na gaske a masana'antar lemon kwalba, sai dai a man shafawa ana buƙatarsa da yawa, yana danƙo, ruwa na wanke shi, kuma abinci ne ga fumfuna. Lecithin na waken suya yana taimakawa a matsayin mataimaki, amma ɗanyensa yana da launi da wari kuma yana saurin lalacewa. E-wax, emalsifaya mai kama da kaki da ya cika kasuwa, yawancinsa yana ɗauke da polysorbate 60, wanda masu tantance kayan tsirrai ba sa karɓa. Tsohuwar dabarar riƙe ruwa da mai ta hanyar stearic acid da triethanolamine kuwa, zinki yana rushe ta.

Wani abu a gefe: a ce abu na tsirrai ne ba yana nufin an tsinko shi a daji aka daka ba. Asalinsa man zurma ko kwakwa ko alayyadi ne, amma a masana'anta aka sarrafa shi. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 16128 ne ke lissafa kason asalin tsirrai a cikin kowane sinadari. Ki faɗa wa kwastoma gaskiyar haka in ta tambaya.

Mataki na uku: sayayya

Yawancin kayan nan daga Legas ake turo su, musamman kasuwar sinadarai ta Ojota, wasu ta hannun dillalan Kano. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne zinkin. Akwai na masana'antar fenti da taya, mai araha, wanda zai iya ɗauke da dalma. Ki nemi na kayan shafawa, ki ce a ba ki takardar shaidar ingancinsa ta COA, ki duba lambar da ke takardar ta yi daidai da ta jikin buhu. Ki zaɓi wanda aka lulluɓe ƙwayoyinsa tun daga kamfani, ya fi saurin shiga mai. Mai manyan ƙwayoyi ya fi fari a fata, mai ƙanana ya fi ɓacewa.

Kayan aiki: sikelin da ke auna har giram 0.01, ma'aunin zafi, kofunan gilashi masu jure wuta, cokalin silikon, takunkumi da safar hannu. Wajen bugawa, homojinaiza, na'urar da ke buga haɗi da tsananin gudu, ita ce ta fi dacewa. Bilenda ta hannu za ta yi don gwaji, amma ba ta warware zinki kamar ta. Ruwa kuma tatacce na distil, ban da na burtsatse ko fiya wata.

Mataki na huɗu: awon giram 100

Wannan mafari ne, za ki gyara shi daidai da kayan da kika samu.

Ɓangaren mai: caprylic/capric triglyceride giram 20, wato mai marar nauyi da ake cirowa daga kwakwa ko alayyadi, polyglyceryl-2 dipolyhydroxystearate giram 4, polyglyceryl-3 diisostearate giram 2, tataccen man kaɗe giram 3, kakin zuma giram 1.5, polyhydroxystearic acid giram 1, zinc oxide giram 20.

Ɓangaren ruwa: ruwa giram 42.2, gilisirin giram 4, magnesium sulfate giram 0.8.

Na ƙarshe, bayan ya huce: bitamin E giram 0.5, sinadarin hana lalacewa giram 1.

Polyhydroxystearic acid daga man zurma yake, aikinsa warware gari kawai. Magnesium sulfate, gishirin Epsom kenan, kada ki raina shi don ƙanƙantarsa, shi ke hana ɗigon ruwa haɗewa su girma. Man kaɗe an rage shi da gangan, domin in ya yi yawa yakan yi tsakuwa-tsakuwa bayan ya narke a zafi ya sake daskarewa.

A kan hana lalacewa mutane da yawa ke faɗuwa. Sodium benzoate da potassium sorbate suna aiki ne a haɗi mai tsami, ƙasa da pH 5.5, zinki kuwa yana jan pH sama. In kika saka su, kin saka ne kawai don kwanciyar hankali. Phenoxyethanol, wanda ba a wuce kashi 1 cikin 100, yana aiki a wannan yanayi. Ba na tsirrai ba ne, amma gara shi da man da ya yi fumfuna a fuskar mutane.

Mataki na biyar: warware zinki

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ake gaggawa a yi asara. Ki goge kayan aiki da barasar tsafta mai ƙarfin kashi 70. In hunturu ne ki rufe taga saboda ƙura. Ki tabbata akwai janareta ko inbata a kusa, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar haɗi, kakin zai daskare kafin a gama.

Ki zuba duk kayan ɓangaren mai ban da zinki a kofi guda, ki ɗora cikin tukunyar ruwan zafi har su kai digiri 75 zuwa 80, komai ya narke tas. Ki saka takunkumi, shaƙar garin ba ta da kyau ga huhu. Ki riƙa barbaɗa zinkin kaɗan-kaɗan kina juyawa, kada ki juye shi gaba ɗaya. Da farko zai yi kamar ba zai shiga ba, ya yi kauri ya kama cokali. In mai warware garin ya kama aiki za ki ga abin mamaki: haɗin zai saki, ya koma yana zuba yana sheƙi, alhali ba ki ƙara mai ba. Wannan sakin shi ne alamar ƙwayoyin sun rabu. Sai ki sa homojinaiza minti 5 zuwa 10, kanta a nutse don kada ta ja iska.

Kafin ki wuce, ki gwada. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɓallen gilashi, ki danne da wani, ki murza su kaɗan, ki ɗaga sama ki duba ta hasken taga. Wanda ya yi kyau zai zama hazo-hazo bai ɗaya, ko'ina daidai. In kika ga fararen ɗigo kamar yashi, ko kika ji ƙaras-ƙaras tsakanin gilasan biyu, da saura. Ki mayar ki ci gaba. Gudajin da ya tsira a wannan mataki ba ya fashewa bayan ruwa ya shiga.

In za ki saka launi, yanzu ne lokacinsa. Ƙorafin da za ki fi ji shi ne, "Hajiya, man nan naki ya sa fuskata ta yi furu-furu." Maganinsa iron oxide, rawaya da ja da ɗan baƙi, giram 1 zuwa 2 jimilla, a rage daidai nauyinsu daga ruwa. Ban da ɓoye farin, yana tare wani sashe na hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke duhunta tabo a baƙar fata.

Mataki na shida: shigar da ruwa

Ki narkar da gishirin da gilisirin cikin ruwa, ki dumama zuwa zafi ɗaya da na man. Ruwan ne ke zuwa wurin mai, ba akasin haka ba, kuma a hankali: siririn zare, kina juyawa da ƙarfi, kada ki ƙara sai wanda kika zuba ya ɓace. In ruwa ya kwanta a sama, ki dakata har ya shige. Da ya ƙare ki sa homojinaiza minti 2 zuwa 3, sannan ki koma juyawa a hankali har ya huce. Ƙasa da digiri 40 ki zuba bitamin E da mai hana lalacewa, wajen digiri 30 ki sake bugawa na minti ɗaya. Ki auna nauyi, ruwan da ya tashi a tururi yana canza lissafi. Mazubi ya zama tub ko mai famfo marar nuna ciki.

Mataki na bakwai: gwajin gida

Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa. Ruwa cikin mai zai tsaya a dunƙule. In ya baje ruwan ya yi fari, haɗin ya juye, sai a sake.

Ki raba sauran gida huɗu: ɗaya a ɗaki, ɗaya a firij, ɗaya a wuri mai zafin digiri 45, ɗaya kuma ya riƙa kwana a firiza yana wuni a waje har zagaye uku zuwa biyar. A masana'antu wata uku ake ba gwajin zafi. Ba wasa ba ne a nan, tunda zafin bazara yana haura digiri 35, kuma kayan da ke cikin but ɗin mota a hanyar Zariya ko Abuja sun fi haka gasuwa. Ki riƙa duba ko mai ya taso, ko ruwa ya tsattsafo, ko wari ya canza. Kowane mako ki maimaita gwajin gilashi, domin zinki yana iya sake dunƙulewa a ɓoye alhali man yana da kyau a ido. Mai ya taso, ki ƙara kaki kaɗan. Ruwa ya fito, ki duba gishiri da saurin zubin ruwanki kafin ki ƙara emalsifaya.

Ki shafa a bayan hannu, ki jira minti 20, ki tara a famfo. In ruwa ya yi ƙwallo-ƙwallo ya gangare, lulluɓin na riƙewa. Wannan ya jawo tambayar da kwastomomi za su yi miki, ta alwala. Hukuncinta na malamai ne. Abin da ke wuyanki shi ne ki gaya musu cewa wanke fuska da gogewa suna rage kariya, a sake shafawa bayan alwalar azahar da ta la'asar in za a koma rana.

Mataki na takwas: lamba da rajista

Duk gwaje-gwajen can ba su ba ki lambar SPF ba. Masu sana'a suna kiyasin kowane kashi 1 na zinki yana ba da maki 1 zuwa 1.5 in ya warwaru sosai, amma kiyasi ne na tsara haɗi, ba na rubutawa a jikin roba ba. Lambar gaskiya tana fitowa ne daga gwaji irin na ISO 24444, inda ake shafa miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fatar mutum aƙalla 10, a haska musu UV a auna. UVA yana da nasa, ISO 24443, kuma a Turai ana son kariyarsa ta kai aƙalla sulusin lambar SPF.

Ki yi hattara da wani gwaji mai araha da ake yawan yi a binciken ɗalibai, inda ake narkar da man cikin ethanol a auna shan haskensa. Zinki ba ya narkewa a ethanol, kuma narkar da man yana rusa lulluɓin da kika sha wahalar ginawa, don haka lambar da za ta fito ba ta faɗin komai game da aikin emalsifayanki. Duk ɗakin gwajin da za ki kai wa kaya, tambayar farko ita ce da wane ma'auni suke aiki. Don gwajin ƙwayoyin cuta da na ƙarafa masu guba, kina iya tuntuɓar masana a Jami'ar Ahmadu Bello ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Zariya. Sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC.

SPF 15 yana tare kusan kashi 93 na UVB, SPF 30 kusan 97, SPF 50 kusan 98, amma sai an shafa yadda aka shafa a gwaji. Yawancin mutane rabin haka ko ƙasa suke shafawa. Ki rubuta a jikin roba: layi biyu a tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, a sake bayan awa 2 ko bayan gumi. Kafin sakamako ya fito kada ki rubuta lamba, kuma kada ki sayar wa zabiya ko iyayen yaro zabiya a matsayin kariya. Su a tura su ga mai SPF 50 da aka tantance, haɗe da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu.

Bayan sakamako ya fito, lambar ta wannan haɗin ce kaɗai. In dillali ya ce emalsifayan da kika saba ya ƙare ga wani makamancinsa, ko kika canza kamfanin zinki, ko kika koma tukunyar kilo 20 daga giram 500 da wata na'ura daban, sai an sake gwajin gilashi da na zafi, an kuma mayar da samfur ɗakin gwaji. Ki ajiye littafi mai lambar kowane zubi, ranar haɗi da lambar buhun zinki, ki kuma ware tub ɗaya daga kowane zubi har wa'adinsa ya ƙare.